Yayata da Mutumin Roba

Shekara goma sha tara ina aski ban taɓa cinye wa mutum gashin baki ba, sai ranar da yayata ta zo shagona da littafi da biro, ta zauna a benci ta zuba mini ido.

Mai Agogo ne a kan kujera, dattijon da ke gyaran agogo a layinmu, mutumin da ke tattalin gashin bakinsa fiye da yadda wasu ke tattalin iyalinsu. Cewa ya yi in ɗan rage masa gefe da gefe kawai. Ni kuwa da na ga an samu mai rubuta abin da nake faɗa, sai bakina ya ƙara mai. Ina cikin ba da labarin yadda na taɓa korar ɓarawo da tsintsiya, na kai hannu zan nuna yadda na kai masa duka, na manta kilifar askin tana kunne a hannun. Sai ji na yi zit. Ɓangaren hagu ya tafi.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon madubi.

"Rediyo," ya ce, don haka kowa ke kirana, "shi ma ɓarawon haka ka yi masa?"

Na ce ai sabon yayi ne, matasa layi suke yi a kansa. Bai yi dariya ba. Dole na kwashe ɓangaren dama ma, ya fita da hannu a baki kamar mai ciwon haƙori. Ina juyowa na ga Yaya ta sunkuya tana rubutu.

"Me kika rubuta?"

"Na rubuta, ban da wannan."

Kalma biyar. A wurin Yaya wannan doguwar hira ce.

Shekara uku ta ba ni. Gida ɗaya muka tashi, nono ɗaya muka sha, amma da aka zo rabon baki ina jin layi biyu na shiga, na karɓi nawa na karɓi nata. Tun tana 'yar ashirin da biyu take ɗinki, a wani ɗan shago mai taga ɗaya a bayan tashar mota. Shekara ashirin da uku, duk lokacin da ka leƙa, abu ɗaya za ka gani: ƙafa a kan keke, tef ɗin awo a wuya, fil huɗu ko biyar jere a leɓe. Wanda ya riƙe fil a baki ba ya magana, in dai yana son hanjinsa. Ka gaishe ta, ta ɗaga gira. Ka tambaye ta yara, ta gyaɗa kai. Mijinta, malamin firamare ne, kowa Malam yake ce masa, ya taɓa rantse mini cewa ya iya bambanta "um" iri bakwai a bakinta, kuma uku daga ciki faɗa ne.

To wannan matar ce ta wayi gari tana da shekara arba'in da biyar, da miji da 'ya'ya uku, ta ce za ta koma makaranta ta zama nas.

Na daɗe ina son in san daga ina abin ya fito. Dangi kowa da fassararsa. Wasu suka ce idonta ne ya fara rauni, wasu suka ce farar rigar ce ta ba ta sha'awa. Ni na fi zargin jinyar Babanmu, domin ita ta zauna da shi wata biyu a asibiti kafin Allah ya karɓi abinsa. Na ɗauka tausayi ne ya kama ta. Da na matsa mata da tambaya wata rana, abin da ta faɗa mini ba shi na zata ba.

Ta ce akwai wata nas, gajeriya, mai tafiya kamar ana binta. Kullum in ta zo juya Baba sai ta zura hannu ƙarƙashinsa ta ja zanin gadon har ya miƙe sumul. Yaya ta ɗauka son gayu ne. Sai matar ta ce mata, tattara ɗaya a zani, wato inda ya ɗan yamutse, in mara lafiya ya kwana a kanta ba ya iya motsi, ta isa ta buɗe masa gyambo a baya.

"Ka ji fa," Yaya ta ce mini. "Tattara. Shekara ashirin ina faɗa da ita don kada mace ta ji kunya a taro. Ashe tana iya cin naman mutum."

Daga nan ba ta ƙara samun sukuni ba. Ta tono takardunta na sakandare daga ƙasan akwati, ta sake zana jarrabawar darussa biyu da ta faɗi tun muna yara, ta samu makarantar da ba ta ƙirga furfura. Ta tara iyalinta ta ce shekara uku take roƙo, ba ƙari. Malam ya ce ya ba ta. Aka rufe shago, aka kawo keken gida, aka ajiye shi a baranda aka lulluɓe da tsohon labule.

Shekarar farko ta wuce lafiya. 'Yan ajinsu sa'o'in babbar 'yarta ne, Mama suke ce mata, su ba ta kujerar gaba, su kuma kawo mata rigunansu ta rage musu. Sunayen ƙasusuwa sun ba ta wuya, amma ta haddace su yadda take haddace awon mutane. Ni da kaina na taɓa jin ta a kicin tana lissafa ƙasusuwan hannu tana yanka albasa.

A ƙarshen shekara ta biyu ne aka yi abin da ya kawo ta bencina.

Jarrabawar aiki ce, ba ta rubutu ba. Akwai wani mutum-mutumi na roba da suke koyo da shi, girman mutum, yana kwance a gado da ido buɗe. Aka ce ta canza masa zanin gado yana kwance a kai, ta goge masa jiki, ta juya shi gefe. Yaya ta nannaɗe hannun riga. Abin da ake ba minti ashirin ta gama a sha ɗaya. Kusurwar zanin nan kamar da guga aka karya ta. Ta ja da baya tana jiran yabo.

Malamar da ke duba su ta cire tabarau ta ce, "Aikinki ba wanda ya kai shi kyau yau. Kin faɗi."

Ashe rabin makin a baki yake. Dole ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne, ka nemi izini, ka gaya wa mara lafiya abin da za ka yi kafin ka taɓa shi, ka riƙa tambayarsa ko yana jin zafi. Yaya ta san wannan, yana cikin littafinta, ta ja masa layi da jan biro. Amma hannunta na taɓa zani, bakinta ya rufe da kansa kamar fil ɗin na nan. Daga farko har ƙarshe ba ta ce uffan ba.

"Kin gyara gado," malamar ta ce mata, "amma ban ga alamar kin san akwai mutum a kai ba."

Aka ba ta sati uku ta sake. Wanda ya faɗi sau biyu, shekarar gaba ɗaya zai maimaita. Yaya kuwa ta riga ta gaya wa Malam ba za ta roƙi shekara ta huɗu ba. In ta faɗi, za ta yaye labulen nan daga kan keke, shi ke nan.

"To ni ina ruwana a ciki?" na tambaye ta, ina share gashin bakin Mai Agogo daga ƙasa.

"Duk duniya kai kaɗai na sani da hannunsa ke aiki bakinsa na aiki."

"Yaya, yau kika fara yabona tun da aka haife ni."

"Ba yabo ba ne."

Muka shirya. Kullum da yamma, lokacin da kasuwa ke yin sanyi, zan rufe shago awa ɗaya in je gidanta in zama mara lafiya. Ɗakin babbar 'yarta da ke jami'a muka mayar asibiti: gado mai cin mutum ɗaya, kwanon ruwa a kan kujera, tawul biyu, zannuwan gado a ninke a kan akwati. Na cire takalmi na miƙe, na fara nishi don aikin ya yi kama da gaske.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta haɗe hannuwa, ta kalli silin.

"Barka da yamma. Ni ɗalibar jinya ce. Na zo ne domin in canza maka zanin gado. Shin ka amince?"

"Yaya, sammaci kika kawo mini?"

Ta sake. Ya fi na farko muni. Abin da na lura da shi, kuma ya ba ni mamaki ƙwarai, shi ne ba ta iya haɗa biyun. In ta buɗe baki, hannun ya tsaya cak a iska. In hannun ya kama aiki, bakin ya mutu. Sau ɗaya ta mirgina ni gefe, ta bar ni fuskata manne da bango, ta tsaya tana karanto mini amfanin juya mara lafiya guda huɗu. Na ce mata na biyar shi ne a dawo da shi kafin ya shaƙe.

Na yi ƙoƙarin koya mata sirrin sana'ata, sai na tarar ban san shi ba. Ban taɓa zama na yi tunanin yadda nake magana ba, kamar yadda ban taɓa tunanin yadda nake haɗiyar yawu ba. Na ce ta fara da zancen ƙwallo. Ta ce mara lafiyar da aka yi wa tiyata ba ya son jin wanda ya ci kofi. Na ce to zancen tsadar kaya. Ta ce so take ya warke.

Ita ce ma ta buɗe littafinta ta nuna mini abin da ta tattara a kwana biyun da ta yi a bencina. Shafi ɗaya ne, rabinsa fari.

"Duk surutunka na wuni biyu, wannan ne kawai mai amfani."

Na karanta. Sunkuyo. Zan taɓa kunnenka. Wannan da ɗan sanyi. Rufe ido. Ya yi, ko in ƙara?

"Sauran fa?"

"Sauran kai kake yi wa kanka."

Na koma shago ranar ina aski ina sauraron bakina, abin da ban taɓa yi ba. Na kusa yi wa wani direba illa.

Sati na biyu ya fi na farko nauyi. Na fara ganin abin da shekara biyun nan suka yi wa gidan. Malam ya koyi girki, amma irin girkin da ake ci don ana ƙaunar mai shi. Littattafai sun cinye teburin cin abinci, a tsaye ake karyawa. Wata yamma ina kwance an naɗe ni rabi, Auta, 'yarta mai shekara tara, ta dawo daga makaranta ta leƙo ta gaishe mu. Aljihun rigar makarantarta ya yage, Malam ya maƙale shi da abin maƙale takardu. Ƙarfe huɗu, a karkace.

Yaya ta bi aljihun nan da ido har yarinyar ta fita. Sai ta saki zanin, ta zauna a bakin gado, ta juya mini baya.

"'Yar tela," ta ce.



"Rediyo, in tambaye ka, kada ka yi mini shirme." Ba ta juyo ba. "Malamar nan gaskiya ta faɗa. Da na tsaya a gaban gadon, zanin na gani. Ko lokacin Baba, ka tuna abin da na ce maka ya ja ni? Tattara. Ban ce maka Baba ba. Yaran nan 'yan ajinmu, wata ko ninke tawul ba ta iya ba, amma tana shiga ɗaki tsoho zai fara murmushi. Ni fa? Wataƙila ba mutane nake so ba. Wataƙila zani nake so, na ga wurin da ake shimfiɗa shi da yawa na biyo. Na hana mutum huɗu sakewa shekara biyu a kan abin da ba nawa ba."

Ban taɓa jin ta jera magana mai tsawon wannan ba, kuma ban san amsar ba. Gaskiya ni ma tambayar ta kama ni. Mutumin da ya yi shekara ashirin da uku yana kallon kafaɗu da ƙugu da tsawon hannu, mutanen yake gani ko awonsu? Ni da nake ganin ƙeya wuni guda, akwai waɗanda in na haɗu da su a hanya ba na gane su sai sun wuce.

"Yaya," na ce, "ƙafata ta yi sanyi."

Ta tashi ta rufe mini ita.

Da zan fita na ga an ɗage labulen da ke kan keke, an sa masa mai. Malam na tsaye a baranda da ludayi a hannu. Ya kalle ni, ya kalli keken, ya ɗaga kafaɗa.

Saura kwana huɗu, muna tsakiyar aiki, an mirgina ni an tura tsohon zani ƙarƙashina, muka ji ana buga ƙofa kamar gobara. Kafin a ce a shigo har an shigo. Tsohuwar Hedimistires ce, wadda ta yi shekara talatin tana tsorata yara a makarantar 'yan mata, kuma shekara ashirin Yaya ce kaɗai ke mata ɗinki. Mace ce mai jiki, da sanda, da leda a hammata. Ta biyo murya har ɗakin, ta tsaya a kaina.

"Wannan gawar ta wace ce?"

"Ƙanena ne, Mama."

"Mai askin? Allah ya ji ƙansa, garin zai huta." Ta zube ledar a kan ƙafafuna. "Tela, na san kin ce kin daina. Na kai wa mutum uku, duk buhu suka ɗinka mini. Jikata za ta karɓi digiri, ba zan je in zauna a gaba kamar an rufe mota ba. Ko ba ki ɗinka ba, ki auna ni ki rubuta, in kai musu su kwafa."

"Mama, ina da tsohon awonki."

"Yana nan yadda yake, ban ƙaru ba."

Yaya ta kalle ta sama da ƙasa, ta buɗe durowa ta ɗauko tef.

Abin da ya biyo baya, a kwance na kalle shi, ta gefen ido, don ba wanda ya tuna ya dawo da ni daidai.

"To Mama, ajiye sandar nan, ki dafa kafaɗata. Yauwa. Gwiwar ce har yanzu? Wacce, ta dama? To kada ki dogara a kanta, jingino nan. Zan fara da kafaɗa, hannuna da sanyi, ruwa na taɓa, ki yi haƙuri. Ɗaga hannun kaɗan, iya inda ba zai yi zafi ba. Nan ya isa, kada ki yi mini jarumta. Wace jikar ce, mai hushiryar nan? Kai, har ta gama? Zan zagayo ta ciki yanzu. Mama."

"Me?"

"Saki."

"Na saki."

"Mama, fuskarki ta fara canza launi. Saki numfashin, ni da ke ne kawai, wancan ya mutu."

Hedimistires ta saki wani numfashi da ya kaɗa labulen taga, ta fashe da dariya har tana dafa bango. Tef ya ƙara inci huɗu. Yaya ba ta faɗi lambar da ƙarfi ba, ta dai rubuta ta ninke takardar.

"Tela ne ba su iya ba," ta ce mata. "Zan sunkuya in auna tsawo, ki riƙe kujerar nan. Kin gaji? Saura ɗaya. Akwai inda ya matse ki?"

Hannunta bai tsaya ba ko sau ɗaya. Bakinta ma haka. Minti shida ko bakwai, na ji kalmomin da suka fi waɗanda na ji daga gare ta a shekara guda. Ni ban taɓa ganin wannan ba, domin in za ta auna mace labule take ja, mu maza muna waje. Abin da muka sani shi ne matar da ke kan keke da fil a baki. Ashe akwai wata a bayan labule, kuma duk matan garin sun san ta, ni ɗan'uwanta ne ban sani ba.

Da ta raka tsohuwar ta dawo, ta same ni zaune a tsakiyar gado da zani a kafaɗa.

"Wa ya ce ka tashi?"

"Yaya, kin ji kanki kuwa?"

"Na ji me?"

Na ƙirga mata da yatsu. Ta gaya mata abin da za ta yi kafin ta yi. Ta ba ta haƙurin sanyin hannu. Ta tuna wace gwiwa ce. Ta tambaye ta zafi sau biyu, gajiya sau ɗaya. Ta rufa mata asirin inci huɗu.

"Wannan ai awo ne," ta ce. "Ba a auna mutum a yi shiru, sai ya ƙame, awon ya fito ƙarya."

"To shi na kan gadon in ya ƙame fa?"

Ta tsaya da tef a hannu tana naɗe shi a yatsa, tana warwarewa.

"Kwanta," ta ce.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Sallamar farkon nan dai har yanzu kamar mai karanta sanarwa take yin ta. Amma ta gano cewa in ta ɗauka ɗinki take yi, bakin rufewa yake, in ta ɗauka awo take yi, sai ya buɗe. Kwana ukun da suka rage, Yaya ta riƙa ce mini Mama. Na sha "kada ki yi mini jarumta" har na fara amsawa da muryar tsohuwa. Malam ya leƙo sau ɗaya, ya ji matarsa na tambayata ko gwiwata ta dama ta lafa, ya ja ƙofa a hankali ya koma kicin.

Ranar jarrabawa na rufe shago tun safe na je na zauna a kan dakalin da ke gaban makarantar. Mai gadi ya tambaye ni ko 'yata nake jira. Na ce yayata. Ya ce a'a, ɗalibai yake nufi. Na ce ni ma. Kafin awa biyu ya san tarihin gidanmu har kakanni, ya kuma nemi a canza masa wurin aiki zuwa ƙofar baya.

Wajen sha biyu ta fito, cikin farar riga, jaka a kafaɗa, tana tafiyarta ta kullum, ba sauri ba nawa. Na leƙa fuskar ban samu komai ba. Malam ne ya iya karanta ta, ni ban yi wannan ajin ba.

"Yaya, yaya?"

"Mu je."

"Ba inda za ni. Robar ce dai?"

"Ita ce."

"Kin yi mata magana?"

Ta ci gaba da tafiya, na bi ta. Sai da muka wuce mai sayar da jarida ta fara sakin labarin, kaɗan-kaɗan, kamar mai biyan bashin da ba ta yarda da shi ba. Ta ce da ta shiga ta ga idon nan a buɗe, harshenta ya yi nauyi, ta yi sallama ta ji muryarta kamar ta wani. Ta kama bakin zani, ta ji leɓenta na haɗuwa. Sai ta lura an kwantar da robar kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, yadda mai ciwon baya ke kwanciya. Ta ce mata, wannan kafaɗar ce ke damun ki? Daga nan ba ta san sauran abin da ta faɗa ba. Ta dai tuna ta ba ta haƙurin sanyin hannu, ta kuma ce mata ta saki numfashi, har wata ɗaliba da ke jiran layi ta tuntsire da dariya aka fitar da ita.

"Minti nawa?"

"Sha tara."

"Wancan karon sha ɗaya fa kika yi."

"Wancan karon ba kowa a gadon."

"Malamar fa? Me ta ce?"

"Ta ce kusurwar zanin ba ta kai ta wancan karon ba." Ta gyara jakarta. "Ta ce in zo ranar Litinin, za a tura mu ɗakin tsofaffi."

Na yi wata kururuwa da ta sa mai jarida ya zubar da canjinsa. Yaya ta matsa gefe kamar ba tare muke ba. Na ce dole a rubuta sunana a takardar shaidarta, a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Na ce zan buɗe makaranta a bayan shago. Na ga gefen bakinta na motsi.

Muna tsaye a bakin titi muna jiran mota, abin da ke cina tun ranar da ta zauna ta juya mini baya ya taso. Na san in na bari ta shiga gida ba zan ƙara samun ta ba.

"Yaya, tsakani da Allah. Tambayar da kika yi mini rannan, ban ba ki amsa ba, don ban sani ba. Ke yanzu kin sani? Mutanen kike so, ko dai zanin ne?"

Ta juyo ta kalle ni tun daga ƙeya har takalmi, irin kallon da take yi wa yadin da aka cuce mai shi.

"Sati uku ina juya ka kana mini surutu, ga filo a hannuna, ban danna maka shi a fuska ba ko sau ɗaya. Kai kana ganin zanin na tausaya wa?"